Cinikin EA da tsohon bashin da masoya Mass Effect ke bin BioWare

A ranar 29 ga Satumban 2025 aka sanar da cewa Asusun Zuba Jari na Gwamnatin Saudiyya, tare da kamfanin Silver Lake da kuma Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Shugaba Donald Trump, sun amince su sayi kamfanin Electronic Arts a kan Dala biliyan 55. Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan da matasa ke buga gem a Kano ko Kaduna ya san hajar wannan kamfani ko da bai san sunansa ba, domin shi ne mai wasan ƙwallon nan da aka shekara 30 ana kira FIFA, kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Dala biliyan 20 daga cikin kuɗin cinikin bashi ne da bankin JPMorgan ya ɗauki nauyin samarwa, kuma a irin wannan ciniki kamfanin da aka saya shi ake ɗora wa bashin a wuya.

Wanda ke da bashi irin wannan a kansa ba ya riƙe abin da ba ya kawo kuɗi. Shi ya sa tun da aka ji labarin hankalin wasu ya koma birnin Edmonton na ƙasar Kanada, inda wani reshe na EA mai suna BioWare yake. Reshen bai taɓa zama saniyar tatsa ba kamar wasan ƙwallo, amma shi ya ƙirƙiri jerin wasannin Mass Effect, kuma a kansa ne aka yi rikici mafi shahara tsakanin masu ƙera wasan bidiyo da masu saye. Rikicin ya auku a 2012, a kan mintunan ƙarshe na wani labari, kuma har yau ba a gama biyan kuɗin ɓarnar da ya yi ba.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Wasa ne fa. Amma abin da aka yi taƙaddama a kai abu ne da kowane ɗan kasuwa ya sani: an siffanta wa mai saye kaya tun kafin ya gani, ya biya, aka kawo masa, ya ce ba abin da aka siffanta masa ba ke nan.

Likitoci ne suka kafa BioWare a 1995, ciki har da Ray Muzyka da Greg Zeschuk, kuma EA ya saye shi a 2007, shekarar da Mass Effect na farko ya fito. Na biyu ya biyo baya a Janairun 2010, na uku kuma a ranar 6 ga Maris, 2012. Labarin na wani soja ne mai suna Kwamanda Shepard, wanda mai wasa ke zaɓar ko namiji ne ko mace, da kamanninsa da halinsa. Shepard ya gano cewa akwai wasu manyan injuna masu hankali da ake kira Reapers, wato magirba, waɗanda ke dawowa kusan duk bayan shekara 50,000 su shafe duk wata al'umma da ta ci gaba a sararin samaniya. Aikinsa shi ne ya haɗa kan jinsunan halittu da ba sa ga maciji da juna domin a tunkari wannan annoba.

Abin da ya bambanta wasan da takwarorinsa shi ne ba ya mantuwa. Hukuncin da mutum ya yanke a wasa na farko yana nan a ajiye cikin na'urarsa, ya kwashe shi zuwa na biyu, daga nan zuwa na uku. A wata duniya mai suna Virmire dole ka bar ɗaya daga cikin abokan yaƙinka biyu, Ashley ko Kaidan, ya mutu, kuma wanda ka bari ba zai sake bayyana ba har abada. A ƙarshen wasa na biyu duk wanda ke cikin tawagarka yana iya mutuwa idan ka ba shi aikin da bai dace da shi ba, ko ka yi sakacin gyara kumbonka. Mutum biyu za su zauna suna hirar wasa ɗaya, sai su tarar kowa da labarinsa daban. Wanda ya bi duka ukun a tsanake ya kashe abin da ya kai sa'a 100, ban da kimanin Dala 60 da ya biya a kan kowane ɗaya, kuma ya shafe sama da shekara huɗu yana jira.

Wasa na uku ya cika wannan alkawari a mafi yawan tafiyarsa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa faɗuwar ta yi zafi. Akwai wata ƙabilar mayaƙa, Krogan, da aka sanya wa cutar hana haihuwa domin a rage yawansu. Ko a warkar da su ko a yaudare su, da wanda zai mutu a wajen aikin, duk sun danganta da shawarwarin da mai wasa ya yanke tun 2007. Haka ma yaƙin ƙarni uku tsakanin Quarian da Geth, injunan da Quarian ɗin suka ƙera suka kuma kore su daga duniyarsu ta gado. Mai wasa na iya hallaka ɓangare ɗaya, ko kuma, idan ya yi ta shuka alheri tun baya, ya sasanta su. Masu sharhi sun yaba, har wasan ya samu maki 93 cikin 100 a shafin Metacritic.

Sai aka zo ƙarshe. Bayan gumurzu a kangon birnin Landan, Shepard ya hau wata katafariyar tasha a sama, ya tarar da wani abu mai siffar yaro ƙarami da bai taɓa magana da shi ba, wanda ya ce shi ne ke juya Reapers. Dalilin da ya bayar shi ne halittu masu rai kullum sai sun ƙera injunan da za su hallaka su, saboda haka ake girbe su kafin a kai ga haka. Ya ajiye wa Shepard hanyoyi uku: ya rusa duk injuna, ko ya mallaki Reapers, ko ya narkar da masu rai da injuna su zama abu guda. Kowace ka zaɓa, hoton da za a nuna maka kusan ɗaya ne, bambancin da ido ya fi kamawa shi ne launin hasken da ya tashi: ja, shuɗi ko kore.

Ba a ba mai wasa damar ya yi gardama ba. Wanda ya gama sasanta Quarian da Geth 'yan sa'o'i kaɗan da suka wuce yana riƙe da hujjar da ke rushe maganar yaron, amma wasan bai bar shi ya furta ta ba. Tashoshin da ke cilla kumbuna daga wannan yanki zuwa wancan suka tarwatse, alhali a wani babi na wasa na biyu an nuna cewa fashewar guda ɗaya ta shafe rana da duniyoyinta. An ga kumbon Shepard, Normandy, yana gudu daga fagen yaƙi ba tare da bayani ba, ya faɗa wani daji, abokan da ɗazu suke ƙasa a Landan suka fito daga cikinsa. Ba a faɗi makomar Krogan ko Quarian ba. Bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa, saƙon da ya fito yana tallan ƙarin babukan da za a sayar ne nan gaba. Wannan kuwa ya zo wa mutanen da dama suna ƙorafi, domin tun ranar da wasan ya fito aka ware wani muhimmin ɗan tawaga aka ce sai an biya ƙarin Dala 10.

Boren da ya biyo baya

Cikin kwanaki kaɗan aka kafa gangami mai suna Retake Mass Effect. Domin su nuna ba 'yan tada zaune tsaye ba ne, masu gangamin suka tara wa gidauniyar Child's Play, mai kai kayan wasa asibitocin yara, kimanin Dala 80,000, har sai da gidauniyar ta nemi a dakata, saboda wasu masu bayarwa sun ɗauka kuɗin sabon ƙarshen labari suke biya. Wasu suka yi karo-karo aka kai wa ofishin BioWare ƙananan kek guda 402, ja da shuɗi da kore, dukkansu ɗanɗano ɗaya. Ba a cika samun habaici mai kaifi irin wannan ba. Kamfanin ya miƙa kek ɗin ga wani gidan kula da matasa marasa galihu. A watan Afrilu masu karanta shafin Consumerist suka zaɓi EA a matsayin kamfani mafi muni a Amurka, ya doke Bank of America, bankin da a lokacin ake zargi da raba mutane da gidajensu. Wannan kam ya wuce gona da iri, kuma ya nuna yadda ƙuri'ar intanet ke auna yawan masu fushi fiye da girman laifi.

Wasu masoyan kuma suka ƙi yarda da abin da idonsu ya gani. Suka gina wata doguwar fassara cewa duk abin da ya faru a mintunan ƙarshe ruɗi ne da Reapers suka cusa wa Shepard a ƙwaƙwalwa, kuma ƙarshe na gaskiya yana nan tafe. Sun tara hujjoji kamar lauyoyi. Wannan ya fi komai nuna irin amanar da suka ba kamfanin: sun gwammace su yarda dabara ce mai zurfi da su yarda an yi aikin a gurguje.

Manyan 'yan jaridar wannan fanni da dama sun tsaya wa BioWare. Hujjarsu ita ce labari na marubuci ne, kuma idan aka bar masu saye su riƙa sauya ƙarshen labari da ihu, wasan bidiyo ba zai taɓa samun martabar adabi ko fim ba. Sun kira masu boren shagwaɓaɓɓu da ba su iya jure ƙarshe mai ɗaci ba.

A nan nake ganin masu kare kamfanin sun kauce wa batun. Akwai waɗanda mutuwar Shepard ce kawai ta dame su, ba a musu. Amma mafi yawan ƙorafin ba a kan ɗaci yake ba. Waɗannan mutane ne da suka kalli mutuwar likitan nan Mordin a tsakiyar wasan, suka zubar da hawaye, suka kuma ce shi ne wuri mafi kyau a labarin. Abin da suka riƙe shi ne maganganun da shugabannin aikin suka yi kafin a fara sayarwa. Casey Hudson, wanda ya jagoranci jerin wasannin, ya faɗa a wata hira cewa ƙarshen ba zai zama irin wanda za a ce wane ya samu na ɗaya, wane na biyu, wane na uku ba. Shafin tallan wasan ya ce shawarwarin mai wasa ne za su tsara sakamakon gaba ɗaya. Marubucin littafi ba ya yi wa mai karatu irin wannan alkawari. Wanda ya sayar da wasa a kan cewa kai ne abokin rubuta labarin, ba zai juyo a shafin ƙarshe ya ce kai ɗan kallo ne ba. Alkawari kaya ne, kuma a nan shi ne ainihin hajar da aka sayar.

Batun ma ya kai gaban hukumomi. Wani mai saye ya kai ƙara Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka. Wata jami'ar ƙungiyar Better Business Bureau ta rubuta cewa lafazin tallan, idan aka bi shi kalma da kalma, ya yi alkawarin abin da ba a cika ba. Amma Hukumar Kula da Tallace-tallace ta Birtaniya, wadda ta yanke hukunci a Yunin 2012, ta wanke EA. Ta amince cewa masu saye sun iya tsammanin fiye da abin da suka samu, sai dai ta ce hanyoyin ukun sun bambanta a ma'ana, kuma ƙarfin rundunar da mai wasa ya tara yana shafar abin da zai gani, don haka tallan bai kai yaudara ba. A shari'ance ke nan kamfanin ya tsira. A kasuwa kuwa, wanke kai a gaban hukuma ba ya dawo da abokin ciniki.

Ita ma maganar cewa ba a taɓa sauya labari saboda masu karatu ba, tarihi bai goyi bayanta ba. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 domin ya gaji da shi, masu karatu suka hana shi sakat, bayan shekara goma ya tashe shi. Charles Dickens ya sauya ƙarshen Great Expectations a 1861 bisa shawarar wani abokinsa marubuci. A fagen wasan bidiyo ma, kamfanin Bethesda ya gyara ƙarshen Fallout 3 a 2009 ba tare da sama ta faɗo ba.

Me ya kai ƙwararru irin na BioWare ga wannan tuntuɓe? Wani ɓangare lissafi ne kawai. Duk zaɓin da aka ba mai wasa reshe ne, kowane reshe kuma yana buƙatar rubutu da muryoyin 'yan wasa da zane da gwaji. Rassa goma masu hanya biyu-biyu sun haifi hanyoyi sama da 1,000. Ba kamfanin da zai iya gina wa kowace ƙarshenta, saboda haka dole a wani wuri a tattaro rassan su koma gangar jiki ɗaya. Gwanintar ita ce a ɓoye ɗinkin, kamar yadda aka yi a ƙarshen wasa na biyu. Ga kuma ƙarancin lokaci: tsakanin na biyu da na uku shekara biyu ce da 'yan makonni, duk da an ɗage fitowarsa daga ƙarshen 2011. Drew Karpyshyn, babban marubucin wasa na farko, ya riga ya koma wani aikin, kuma daga baya ya bayyana cewa akwai wata dabarar ƙarshe daban da aka taɓa tattaunawa aka watsar. Ma'ana, an shekara ana haƙa rijiya ba a tsayar da inda za a tarar da ruwa ba.

A ranar 21 ga Maris Ray Muzyka ya fitar da sanarwa cewa sun ji koken. Ranar 26 ga Yuni aka saki wani ƙari kyauta mai suna Extended Cut. Bai rushe hanyoyin ukun ba, amma ya ba Shepard damar yi wa yaron tambayoyi, ya bayyana yadda Normandy ya kwashi abokansa, ya nuna cewa tashoshin lalacewa suka yi kuma za a gyara su, sannan ya nuna makomar al'ummomin gwargwadon abin da mai wasa ya shuka. An kuma ƙara hanya ta huɗu: Shepard ya ƙi zaɓar komai, a ci su da yaƙi, wata al'umma ta gaba ta amfana da bayanan da suka bari. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin gatse daga kamfanin. Saƙon tallan nan na ƙarshe ma an maye gurbinsa da godiya. A Maris ɗin 2013 aka fitar da babin Citadel, inda Shepard ke shirya wa abokansa walima kafin yaƙin ƙarshe, kuma da yawa sun ce shi ne ban kwanan da suke nema tun farko. Sai dai shi na kuɗi ne.

Boren ya bar gado iri biyu. Masu saye sun gane suna da ƙarfi, kuma sun yi amfani da shi: a 2019 aka tilasta wa kamfanin Paramount sake zana jarumin fim ɗin Sonic, aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020, a shekarar 2019 ɗin kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake ɗaukar zangon ƙarshe na Game of Thrones, wanda HBO bai saurara ba. Ɗaya gadon kuma mummuna ne. Cikin masu kek da masu tara wa marasa lafiya kuɗi akwai masu zagi da barazana ga ma'aikata, kuma wannan ɗabi'a ta girma. Lokacin da The Last of Us Part II ya fito a 2020, matar da ta yi muryar ɗaya daga cikin taurarin labarin ta samu barazanar kisa saboda abin da wata ƙagaggiyar mace ta aikata a cikin wasa. Kamfanoni kuma sun koyi fakewa da waɗannan tsirarun domin su yi watsi da ƙorafi mai tushe.

Shi kuwa BioWare bai sake miƙewa sosai ba, ko da yake ba adalci ba ne a ɗora komai a kan 2012. Muzyka da Zeschuk sun yi ritaya a Satumban wannan shekara. Mass Effect: Andromeda na 2017 ya gudu zuwa wani rukunin taurari daban, shekara 600 gaba, domin kada a taɓa batun wane launi ne ya tabbata, kuma ya gamu da ba'a saboda kurakuran zane. Anthem na 2019 ya faɗi warwas. An sake gyara wasannin ukun aka fitar da su a haɗe a Mayun 2021, suka samu karɓuwa, abin da ya nuna ƙaunar ba ta mutu ba. Dragon Age: The Veilguard ya fito a Oktoban 2024, a Janairun 2025 EA ya ce mutum miliyan 1.5 ne suka buga shi, kusan rabin abin da ya yi hasashe, aka rage ma'aikata, har Bloomberg ya ruwaito cewa waɗanda suka saura ba su kai 100 ba. Hudson ya tafi a ƙarshen 2020, babban marubucin wasa na uku, Mac Walters, ya bi shi a farkon 2023.

Yanzu abin da ya rage wa reshen shi ne sabon Mass Effect da aka sanar tun 2020, ba a kuma sa ranar fitowarsa ba, sai wani shiri mai dogon zango da Amazon ke shiryawa a kan labarin. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar EA yana zuwa ne daga wasannin da ake ta sayen ƙananan abubuwa a cikinsu kullum, irin su ƙwallon ƙafa da Apex Legends. Wasan da ke cin shekaru da miliyoyin Daloli, a saya sau ɗaya, a buga a gama, ba shi ne abin da mai biyan kuɗin ruwa a kan bashin Dala biliyan 20 zai fara kallo ba. Akwai kuma masu tambayar ko sababbin masu kamfanin za su bar BioWare ya ci gaba da irin labaransa, waɗanda suka haɗa da soyayyar jinsi ɗaya da ta taɓa jawo masa takunkumi na ɗan lokaci a Singafo a 2007. Shugaban EA, Andrew Wilson, wanda zai ci gaba da riƙe kujerarsa, ya gaya wa ma'aikata cewa manufofin kamfanin ba za su sauya ba.

Ko da an bar reshen ya yi aikinsa, tsohon ƙullin yana nan yana jiransa. Hanyoyin ukun sun bar duniyoyi uku da ba sa haɗuwa: a ɗaya babu sauran injuna masu hankali, a ɗaya Shepard ya zama mai juya Reapers, a ta uku kowa ya zama rabi mutum rabi inji. Duk wasan da zai ci gaba daga nan sai ya ɗauki ɗaya ya ce ita ce ta faru, ko ya gina duka ukun, wanda kuɗinsa ba zai biyu ba. Ɗan gajeren tallan da aka nuna a Disambar 2020 ya nuna Liara, tsohuwar abokiyar Shepard, tana tafiya cikin dusar ƙanƙara a kan abin da ya yi kama da gawar Reaper, ta tsinci ɓallin sulke mai tambarin N7. Masoya sun fassara shi da cewa jan launi aka zaɓa. Kamfanin bai tabbatar ba. Idan haka ne, waɗanda suka zaɓi shuɗi ko kore a 2012 za a sake gaya musu, karo na biyu, cewa zaɓinsu bai shiga lissafi ba.